Oakleaf hydrangea: wacce za a dasa a ƙasa, wacce za ta yarda da tukunya?

Duk wanda ya taɓa zama a kudu maso gabashin Amurka, irin su Jojiya ko Alabama ko Tenesi, ya san shukar nan ko da bai san sunanta ba. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni zaka ganta a gindin manyan bishiyoyi ta fitar da farin fure dogo mai tsini a sama, sak zangarniyar dawa, ganyenta kuma faffaɗa mai yatsu-yatsu. In aka shiga Oktoba da Nuwamba ganyen nan ya rine ya koma ja-ja-wur har da shuɗi-shuɗi, in ya zube kuma da hunturu sai ɓawon jikinta ya riƙa saɓulewa yana nuna wani launin kirfa a ciki. Ita ce oakleaf hydrangea, kuma 'yan uwanmu da suka samu Allah ya hore musu gida a nan, ko masu haya da ɗan baranda, suna yawan tambaya wai wacce za su saya, dan in ka je wajen masu sayar da dashe zaka tarar da sunaye barkatai, Alice, Snow Queen, Snowflake, Ruby Slippers, Munchkin, Pee Wee, duk a baƙar roba iri ɗaya, tsayinsu ɗaya, hoton da ke jikin takardar ma kusan ɗaya. To wallahi ba ɗaya bane, akwai wacce bayan shekara bakwai ta rufe maka taga ruf, akwai wacce ko ƙugunka ba za ta wuce ba.

Abin da ya kamata a fara sani shine daga ina ta fito, dan a nan amsar rabin tambayoyin take. 'Yar asalin yankin ce, ba shigo da ita akai ba. William Bartram, wani mai binciken tsirrai ɗan Filadelfiya, shi ya fara rubuta bayaninta bayan yawon da yai a yankin cikin shekarun 1770, jihar Alabama kuma a 1999 ta ayyana ta a matsayin furen daji na jiha. A daji ba a fadama take fitowa ba, a gangaren tudu take da gaɓar kwazazzabai, ƙarƙashin bishiyoyi, inda ruɓaɓɓen ganye ya taru kuma ruwa in ya sauka yake wucewa baya kwanciya. Saiwarta bata jure zama cikin ruwa ko kaɗan. Mafi yawan waɗanda ta mutu a hannunsu ba ƙishirwa ce ta kashe ta ba, yawan ban ruwa ne.

Kuma kar a haɗa ta da waccan hydrangea mai shuɗin fure dunƙulalle da ake sayarwa lokacin bikin ranar uwa, waccan asalinta Japan ne, ita ce launinta yake canzawa da irin ƙasar da aka sa ta. Wannan ko me ka zuba mata fari za ta fito, ta koma ruwan hoda ko ja gwargwadon irinta, ta ƙare a ruwan ƙasa. Kar kowa ya ɓata kuɗinsa kan garin nan da ake cewa yana sa fure yai shuɗi.

To yanzu ƙasa ko tukunya? Ni ra'ayina a fili yake, in kana da ƙasa ko da ɗan lungu ne a gefen gida, sa ta a ƙasa. Tukunya dole ce ke sa a yi ta, haya ko baranda ko gidan da duk an shafe harabar da siminti. Ana iya yi kuma tana kyau, amma aiki ne na kullum kuma ba kowane iri ke yarda ba.

Bari mu fara da manyan, waɗanda ma maganar tukunya bata taso ba a kansu.

Alice ita ce ƙatuwar gidan. Farfesa Michael Dirr ne ya zaɓo ta a Jami'ar Jojiya da ke Athens, kuma a kudu in ta samu wuri tana iya kai ƙafa 10 zuwa 12 a tsayi, faɗinta ma kusan haka, furenta ɗaya yakan kai inci 10 zuwa 14. Tana da saurin girma, tana da ƙarfin hali, ba ruwanta da lallaɓawa, ganyenta da kaka kuma yana cikin mafi kyau. Amma fa sai mai fili. In kana so ka tare idon maƙwabci daga inda iyali ke zama a baya, ko akwai wani gangare da ka gaji da yanke ciyawarsa, Alice biyu ko uku sun gama maka aiki. Abin da kar ka yi shine ka sa ta ƙarƙashin tagar falo kace ai zan riƙa rage ta, dan rage ta kullum shine zai hana ta fure, zan zo kan wannan.

Snow Queen ita nake cewa mutum ya ɗauka in gidansa irin gidajen unguwa ne na yau da kullum, fili ba babba ba ba kuma ƙarami ba. William Flemer na uku ne ya fitar da ita daga Princeton Nurseries a New Jersey, tsayinta ƙafa 4 zuwa 6, wani lokacin ta ɗan zarce a kudu. Furenta bai kai na Alice tsawo ba, inci 6 zuwa 8 ne, amma a cike yake kuma a tsaye yake ƙyam, ko an tafka ruwan sama da daddare da safe zaka same shi yana kallon sama. Ta fi sauran jure rana, kuma tunda a arewa aka zaɓo ta ta saba da sanyi, dan haka 'yan uwa na Merilan da Ohayo da New Jersey ita ta fi dacewa da su cikin manyan.

Sai Snowflake, wadda gaskiya in ana maganar kyau tsagwaronsa babu kamarta. Eddie Aldridge da mahaifinsa ne suka yaɗa ta daga Alabama, sukai mata rajista a 1971, kuma lambun Aldridge Gardens da ke garin Hoover kusa da Birmingham har yau ita ce abin alfaharinsa, wanda ke kusa ya daure ya je farkon Yuni ya gani da idonsa. Abin da ya bambanta ta shine kowane ɗan ƙaramin fure nata ninki-ninki ne, wani na fitowa a kan wani, na ƙasa ya fara tsufa yana komawa ruwan hoda na sama kuma sabo fari fat, shi yasa take daɗewa tana fure fiye da sauran, sai kaga wasu sun bushe ita tana nan. Tsawon zangarniyar har inci 15. To nauyin nan shine kuma matsalarta, kan furen yakan sunkuya ƙasa, in ruwa ya jiƙa shi ma har ya taɓa ƙasa ya ɓaci da laka. Wasu suna son sunkuyon nan, musamman in an dasa ta a saman ɗan tudu ko bakin katangar da ke tare ƙasa inda furen zai zubo ta gefe, wasu kuma gani suke kamar shukar bata da lafiya. Kuma tafi son inuwa fiye da Snow Queen. Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, irin waɗannan masu ninkin fure ƙudan zuma basa samun abinci sosai a jikinsu, ƙananan furannin ciki masu garin fure sune abincin, kuma Alice ko asalin ta daji sun fi su yawan wannan. In kana noman tumatir da kuɓewa da yakuwa a baya kana son zuma ta riƙa zuwa, wannan abin dubawa ne.

Akwai jerin Gatsby na kamfanin Proven Winners, su Gatsby Gal da Gatsby Pink da Gatsby Moon da Gatsby Star, suna ko'ina a kasuwa yanzu. Gal ce ƙaramarsu, ƙafa 5 zuwa 6, Pink kuma tafi saurin rinewa ta yi ruwan hoda sosai. Ba laifi, in su ka samu ɗauki, amma ka lissafa su cikin manya, ba na tukunya bane.

Inda zaɓin yake da ɗan wuya shine tsakanin ƙananan, kuma a nan mafi yawanmu muke, dan ba kowa ke da filin Alice ba.

Ruby Slippers da Munchkin tare suka fito a 2010, daga shirin U.S. National Arboretum, aikin Dokta Sandra Reed a tashar bincike ta McMinnville da ke Tenesi. Da yake hukuma ce ta fitar da su bayan an gwada su shekaru, alƙalumansu abin yarda ne ba na talla ba. Ruby Slippers haɗin Snow Queen da Pee Wee ce, a shekara bakwai ta kai ƙafa uku da rabi a tsayi, faɗi ƙafa 5, furenta wajen inci 9, yana fitowa fari, nan da nan ya koma ruwan hoda, sannan ya yi ja mai duhu, kuma ta gaji tsayuwar fure daga Snow Queen. Munchkin daga zuriyar wani ƙaramin iri mai suna Sikes Dwarf take, a shekara tara ƙafa 3 a tsayi, faɗi ƙafa huɗu da rabi, furenta inci shida da rabi, launinsa yana tsayawa a ruwan hoda matsakaici baya kaiwa ja. A takarda bambancin kamar ba yawa, amma a ido akwai shi. Ruby Slippers tafi ɗaukar ido, furenta ya yi wa jikinta girma, daga bakin titi ana hango ta. Munchkin tafi dunƙulewa, rassanta kusa-kusa, girmanta a hankali, bata cika miƙa wani reshe can gefe ba.

Dan haka ni yadda nake rabawa, in ƙasa ce amma wurin ƙarami ne, gaban baranda ko gefen hanyar shiga ko ƙarƙashin taga, Ruby Slippers. In tukunya ce, Munchkin, saboda rashin saurin girman nan nata shine zai sa ta daɗe a tukunya ɗaya bata matsu ba. Ruby Slippers ma tana zama a tukunya, amma ka lura da faɗin nan na ƙafa 5, a baranda ƙarama sai ta cinye wurin kujera. Abu ɗaya da ya kamata a faɗa kan jan Ruby Slippers, ba kowace shekara yake fita yadda yake a hoto ba. In bazarar ta yi zafi sosai dare ma ba sanyi, ko ƙasa ta bushe ƙamas daidai lokacin da furen ke juyawa, sai ya tsallake jan ya tafi ruwan ƙasa kai tsaye. Masu zama can ƙasa-ƙasa irin su Hustan da Fulorida su sa wannan a ransu kar su ce an cuce su.

Pee Wee tsohuwar hannu ce, ƙafa 3 zuwa 4, ganyenta da furenta duk ƙanana, furen inci 4 zuwa 5 kuma baya rinewa sosai. Tana yi a tukunya lafiya lau, sai dai tunda 'yarta Ruby Slippers ta fito ban ga dalilin da zai sa mutum ya zaɓe ta ba sai in ita kaɗai ya samu ko an karya farashinta. Sikes Dwarf ma haka take da Munchkin. Little Honey kuma daga jikin Pee Wee ta ɓullo, ganyenta rawaya ne mai haske maimakon kore, a lungu mai inuwa tana haska wurin gwanin sha'awa, amma raguwa ce, girmanta a hankali ƙwarai, rana mai zafi tana ƙona gefen ganyen, inuwa mai yawa kuma ta mayar da shi kore. Ba ta wanda yake farawa bace. Akwai kuma Queen of Hearts daga tashar McMinnville ɗin dai, wadda ta biyo baya, iyayensu ɗaya da Ruby Slippers amma ita babba ce, ƙafa shida da rabi faɗi 9, mutane suna ruɗewa su ɗauka ƙarama ce saboda sun ji dangi ne.

To in tukunyar ce dole, ga yadda abin yake. Faɗin bakinta kar ya gaza inci 18, in da hali 20 zuwa 24, kuma juya ta ka duba gindin, in huda ɗaya ce 'yar ƙarama ƙara wasu. Kar a sa mata faranti a ƙasa da zai tara ruwa, gara ka ɗora ta kan bulo biyu ko 'yan ƙafafun nan da ake sayarwa. Kar kuma ka ɗebi ƙasar tsakar gida ka cika, a tukunya daskarewa take, sayi ƙasar tukunya ta buhu ka gauraya da niƙaƙƙen ɓawon bishiyar pine wajen kashi ɗaya cikin uku dan ruwa ya riƙa zurarewa. Tsakuwar da wasu ke zubawa a gindin tukunya wai dan ruwa ya wuce bata taimakawa, rage wa saiwa wuri kawai take.

Ban ruwa shine inda ake faɗuwa. Da Yuli wajen ƙarfe uku na rana zaka fito ka ga ganyen ya yi laushi ya rataya, hankalinka ya tashi ka ɗauko bokiti. Tsaya tukun. Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in ka ji danshi bar ta, zafi ne kawai, bayan magariba za ta miƙe da kanta. In ka ji a bushe, to zuba sosai har ya fito ta ƙasa. Abin da ke ruɗa mutane shine wadda saiwarta ta fara ruɓa ita ma haka take yin laushi, sai mutum ya ƙara ruwa, ya ƙara kashe ta. Alamar ita ce da asuba, in da asuba ma ganyen a rataye yake alhali ƙasar a jiƙe take, zare ta daga tukunyar ka duba, saiwa mai lafiya fara ce da ƙarfi, ruɓaɓɓiya baƙi-baƙi ce tana saɓulewa a hannu tana wari. Kuma masu tafiya gida hutu wata guda da bazara su yi tunani da kyau, ta ƙasa in ta shekara biyu ta kafu za ta jira ka, ta tukunya ba za ta jira ba, kuma yaron maƙwabci da zaka bar wa amana ko ya manta ko ya cika ta da ruwa kullum.

Sai hunturu. A ƙasa tana rayuwa daga shiyya ta 5 zuwa ta 9 a taswirar sanyi ta ma'aikatar gona ta Amurka, amma saiwar da ke tukunya bata da rufin da ƙasa ke bata, shi yasa masu lambu suke lissafa kamar ka matsa shiyya biyu zuwa arewa. A Atlanta ba wata damuwa, ka matso da tukunyar jikin bango ya isa. A Kolombus ko Shikago kuwa sai an shigar da ita gareji mara hita bayan ganye ya zube, ana ɗan yayyafa mata ruwa sau ɗaya a wata, kar dai a kai ta falo, tana buƙatar sanyin nan ta yi barcinta. Tukunyar yumɓu kuma fashewa take in ruwan jikinta ya daskare, ta roba mai kauri tafi. Duk shekara biyu ko uku a zare ta a sake ƙasa. Ko ta cikin ƙasa ma in sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Amurka, wato wajen 23 ƙasa da sifili a namu, tohon furen yana iya mutuwa, shukar ta rayu amma shekarar ba fure. 'Yan Minesota gara su nemi wata 'yar uwarta da ake kira panicle hydrangea, ita ce ta sanyinsu.

Ta ƙasa aikinta na farko ne kawai mai wuya. Kafin ka sa shebur kira 811 a zo a yi maka alamar bututun gas da wayoyi, kyauta ne, in kuma unguwarku akwai ƙungiyar masu gidaje duba dokarsu kan shuka a gaban gida. Jar lakar Jojiya da Karolina riƙe ruwa take, dan haka haƙa rami ƙafa ɗaya ka cika shi da ruwa, in ka dawo washegari ka tarar da ruwa a ciki wurin bai yi ba, canza ko ka tara ƙasa ka yi ɗan tudu. Ramin dashen ya fi dunƙulen saiwar faɗi ninki biyu amma kar ya fi shi zurfi, a bar saman dunƙulen ya ɗan ɗara ƙasa da inci ɗaya ko biyu, a rufe da busasshen ganyen pine ɗin nan da ake sayarwa dami-dami, kar ya taɓa jikin itacen. Wurin da ya fi shine inda hantsi ke bugawa, daga azahar kuma inuwa ta rufe, gabashin gida kenan galibi. Inuwa ƙirin tana rayuwa amma fure kaɗan, jan ganyen kaka ma baya fita. A kudu Oktoba da Nuwamba ne lokacin dashe, a arewa kuma da zarar hunturu ya wuce. Taki kaɗan ya isa, sau ɗaya a shekara.

Maganar yanka da nace zan dawo kanta, ta shafi duka iri, manya da ƙanana. Wannan shukar tun ƙarshen bazara take ƙulla tohon furen baɗi a kan rassan bana. Duk wanda ya bari masu yankan ciyawa suka bi ta da injin aski a Nuwamba ko Maris, ya zubar da furen shekara guda. In dole sai an rage, a yi da zarar fure ya gama, kafin Agusta. Shi yasa tun farko ake auna wuri a sayi wadda girmanta ya dace, tef ɗin awo ya fi almakashi amfani a nan. Barewa ma irin ɓarnar nan take, tana son tohon da hunturu, in unguwarku suna yawo sai an kewaye ƙaramar shuka da waya shekarun farko. Ganyen da furen kuma ba na ci bane, a kula da yara masu rarrafe a baranda.

Wani zai ce to in yanki reshe in tafi da shi Kano ko Zinder fa? Bar shi kawai, zafin Afrilu na can da rashin hunturun da zai sa ta zubar da ganye ta huta ba za su bar ta ba.

In ka je saye kar ka yi mamaki in ka ga duk sun yi wani iri a robar, rassa biyu uku a karkace ganye ɗai-ɗai da ɗigo-ɗigo, haka oakleaf take a wajen masu sayarwa, sai ta shekara biyu a ƙasa take cika ta yi siffa. Abin dubawa shine saiwa da suna. Karkata robar ka zaro ta kaɗan ka ga farar saiwa, ka shinshina ƙasar, sannan ka tabbata sunan irin yana rubuce a takardar, dan in oakleaf hydrangea kawai aka rubuta ba wani suna a gaba, to asalin ta daji ce, ka ware mata ƙafa 8 ta kowane gefe.